Kowane Fasinja na Biyar

Zariya,
4 ga Oktoba.

Zuwa ga Kawu Jumare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna Karima. Yaya jikin Goggo mahaifiyarka? An ce har yanzu ta ƙi barin ruga ta biyo ku gari. Mu nan lafiya lau, sai ciwon ƙafar Umma da ke tashi in an yi ruwa.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Safiyatu, 'yar A'isha ta Tudun Wada, jikar Dije yayar mahaifinka. Rabona da kai tun rasuwar kakata, da ka zo ta'aziyya ka kawo mana man shanu a kwalba. Na nemi lambarka, sai Umma ta tuna mini an katse layin waya a yankinku. Shi ya sa na kai takardar nan tashar Mando a Kaduna, na ba wani direba mai suna Bakoji, wanda ya ce duk tashar Birnin Gwari babu wanda bai san Malam Jumare ba.

Kawu, alfarma nake nema. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin ƙididdiga, kuma dole in rubuta kundin kammala digiri. Malamina, Dokta Abdulkahar, ya tura ni filin jirgin sama na tambayi fasinjoji ɗari da hamsin tambaya ɗaya: binciken da ake yi musu kafin su hau jirgi, a sa jaka a na'ura, a cire takalmi da bel, yana sa hankalinsu ya kwanta ko a'a? Mutum ɗari da sha huɗu suka ce e, wato saba'in da shida cikin ɗari.

Sai na ce wa Dokta, ai mu talakawa ma ana bincikar mu, a shingayen hanya. Me zai hana in kwatanta masu jirgi da masu mota? Ya yi murna ƙwarai. Yadda aikin yake shi ne, mukan fara da ɗauka cewa babu bambanci tsakanin ra'ayin ɓangarorin biyu. Daga nan sai mu yi lissafi mu ga ko tazarar da muka samu ta yi girman da ba za a ce dace ne kawai ba. In ta yi, sai mu yi watsi da abin da muka ɗauka da farko.

Ni Umma ta rantse ba zan taka hanyarku ba. Kai kuwa na ji an rufe makarantar 'ya'yan makiyaya da kake koyarwa, kana zaune. Don Allah ka riƙa shiga tasha kana tambayar masu tafiya: binciken da ake yi a shingaye yana kwantar musu da hankali? E ko a'a kawai.

Ka gaishe da Inna.

'Yarka,
Safiyatu.

Birnin Gwari,
13 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, kuma ban yi wani tunani ba kafin in gane ki. Ke ce wadda ta ɓoye takalmina a bayan randa don kada in tafi. Allah ya yi miki albarka, ya ba Yaya A'isha lafiya.

Mu nan sai godiya. Goggo tana can rugarmu ta wajen Kakangi tare da tsofaffi uku. Tun da mutanen daji suka kore shanunmu bara waccan, ta ce babu sauran abin da za a ƙwace mata, don haka ba ta ga dalilin tashi ba. Masara ta bushe a gona, amma babu mai iya zuwa ya karya. Ni da Innarki muna hayar ɗaki a bayan tasha, ita tana sayar da fura.

Na fara aikinki, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗinsa. Mutum in ya saba da alli, zaman banza yana cin sa. Na samu mutum arba'in, sha takwas sun ce e, ashirin da biyu sun ce a'a. Amma ki sani mutanenmu ba su iya e ko a'a ba. Wata mai kayan miya ta ce mini, "Malam, in na ga shinge nakan yi hamdala, in na wuce shi nakan fara salati. To wanne za ka rubuta?" Na rubuta mata e. Alhaji Sadiq mai hatsi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Su masu jirgi a ƙofa ake bincikar su, su tashi sama inda babu kowa. Mu a bincike mu a nan, mu shiga daji inda ba a bincikar kowa." Shi na sa masa a'a. Wani kuma ya ce shi ba ya tsoron shinge sai wanda bai san masu shi ba.

Da yawa sun ƙi amsawa. Su ban san inda zan sa su ba.

Yanzu kowa a tasha ya san ni da takardata. Har wasu samari sun fara bina suna tambayar wa ya sa ni, kuma ina sakamakon yake zuwa. Ki duba ko arba'in ɗin nan sun ishe ki.

Kawunki,
Jumare Abubakar.

Zariya,
20 ga Oktoba.

Zuwa ga Kawu Jumare,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Umma maganar takalmi, ta yi dariya har da hawaye. Allah ya tsare Goggo.

Kawu, na ji daɗin yadda mutane suka karɓi abin, har matasa suna bin ka suna son jin sakamako. Ka ce musu in an gama zan aiko a karanta musu.

Na yi lissafi da arba'in ɗinka. Masu jirgi saba'in da shida cikin ɗari, masu mota arba'in da biyar. Tazarar babba ce, ta wuce a ce dace ne. Na tafi wajen Dokta da murnata, sai ya tambaye ni yadda ka zaɓi mutanen. Na ce ina jin waɗanda ka sani ne. Ya ture takardar ya ce, "To ra'ayin abokan kawunki kika auna, ba na fasinjojin Birnin Gwari ba." Ya ce sai an sake, kuma kafin ƙarshen Nuwamba.

Ga yadda za ka yi, don Allah ka bi shi daidai. Ina buƙatar mutum ɗari. Kada ka duba fuska, kada ka ce wannan na san shi ko ina jin nauyinsa. Ka tsaya a bakin mota, kowane fasinja na biyar shi ne namu. Ka rubuta sana'arsa, da ranar da yake tafiya, da sau nawa yake bin hanyar a wata. Ka tabbata ba talakawa kaɗai ba, muna son manyan 'yan kasuwa su shigo ciki. Wanda ya ƙi ba da haɗin kai ka sa masa alama daban, mun san yadda za mu yi da shi.

Na san ina wahalar da kai. In na gama, sunanka ne na farko a shafin godiya.

'Yarka,
Safiyatu.

Zariya,
14 ga Nuwamba.

Zuwa ga Kawu Jumare,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan lafiya.

Kawu, shiru ya yi yawa. Sau biyu ina zuwa Mando ban ga Bakoji ba. Na tambayi direbobi, suka ce kwana biyu motoci ba sa zuwa sosai, kuma da na ambaci sunanka sai kowa ya kama harkar gabansa. Abokan karatuna duk sun miƙa babi na huɗu, ni ko lamba ɗaya ba ni da ita.

In maganar da Dokta ya yi a kan abokanka ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, ba raini ba ne, ƙa'idar aikin ce. In kuma ka gaji ne, da ka faɗa mini tun farko da na nemi wata hanya. Umma ta ce ba halinka ba ne ka ɗauki aiki ka ajiye. Ni dai ban san abin da zan ce ba. Ko mutum sittin ka samu, ka aiko mini da su haka nan.

Zan bar wannan a hannun mai shayin tasha, ya ba duk wanda zai shigo.

Safiyatu.

Birnin Gwari,
22 ga Nuwamba.

Zuwa ga Safiyatu,

Salamu alaikum. Ni ce Karima matar kawunki. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya. Ina gaida Yaya A'isha. Takardarki ta ƙarshe ta zo jiya, ni na buɗe, domin Malam ba ya gida. Yana hannun hukuma.

Bai yi fushi da ke ba kuma bai gaji ba. Ya yi yadda kika ce. Kullum da safe yana bakin mota yana ƙirga mutane, na biyar ya tsayar da shi. Na ce masa, "Malam, idon mutane ya yi yawa a kanka." Ya ce ai aikin makaranta ne, kuma saura kaɗan. Ya kai mutum saba'in da ɗaya.

Ranar wata Laraba ƙirga ta faɗa kan Alhaji Sadiq mai hatsi. Malam ya tambaye shi, ya ce gobe zai kai masara Kaduna. Washegari mutanen daji suka tare hanya, suka kashe mutum biyu, suka shiga daji da tara. Har da Alhaji Sadiq. Motar Bakoji na cikin ayarin, an harbe shi a cinya, yana asibiti.

Da labari ya iso tasha ina wajen furata. Sai na ji wani ya ce, "Ina Bafillatanin nan mai takarda?" Malam yana zaune a kan benci, bai ma tashi ba. Suka ƙwace jakarsa suka zazzage. Suka ga an rubuta sana'ar Alhaji da ranar tafiyarsa. Sannan suka ga takardarki. Wani yaro da Malam ya taɓa koya wa karatu kyauta ya hau kan taya ya karanta da ƙarfi. Ya karanta inda kika ce kowane na biyar shi ne namu. Ya karanta inda kika ce manyan 'yan kasuwa. Da ya zo inda kika ce wanda ya ƙi mun san yadda za mu yi da shi, ban ƙara jin muryarsa ba saboda ihu.

Malam yana cewa, "Ku karanta daga farko, ku karanta daga farko." Babu wanda ya saurara. Na faɗa kansa, aka janye ni. Sun buge shi da katako da ƙarfen taya. Wani ya tafi neman fetur. Allah ya kawo shugaban tasha, Bilyaminu, ya ja shi ya jefa cikin ofis ya kulle, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Haka ya tsaya har jami'ai suka zo.

Hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Idonsa na hagu a rufe yake. Maƙwabciyarmu Naomi, mai aikin jinya, ita kaɗai ke raka ni kai masa abinci, ita ta ɗaure hannun. Takardun tambayoyin an ƙone su a tasha, amma takardarki tana wajen masu bincike. Sun ce Malam ya faɗi wace ce Safiyatu kuma wane ne Dokta. Ya faɗa, ba su yarda ba.

Na daina fitar da fura, babu mai saye.

In akwai abin da makarantarku za ta iya yi, ki yi da sauri. Kada ki zo da kanki. Sunanki yana bakin mutane.

Innarki,
Karima.

Zariya,
2 ga Disamba.

Zuwa ga Kawu Jumare da Inna Karima,

Assalamu alaikum. Ban san yadda zan tambayi lafiyarku ba. Allah ya ba Kawu sauƙi, ya ba Bakoji lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke daji.

Na karanta takardar Inna a tsaye a tasha. Na sake karanta kwafin abin da na rubuta muku, na karanta shi kamar ni ce ƙanwar Alhaji Sadiq. Wallahi da ni ma abin da zan fahimta ke nan. Abin da nake nufi da wanda ya ƙi ba da haɗin kai shi ne za mu ware shi a lissafi. Kuma ka gaya mini, Kawu. Ka ce samari suna bin ka suna tambayar wa ya sa ka. Ni kuwa na ɗauka sha'awa ce. Sai kuma na bi ka da takardar ƙorafi kana kulle. Don Allah Inna ki yaga ta, kada ya gani.

Daga tasha ofishin Dokta na wuce. Ya karanta, sannan ya ɗauki makullin motarsa. Mun samo takardar shaida daga sashenmu da sa hannun shugaba da hatimi, muka haɗa da amsoshin filin jirgi duka ɗari da hamsin don a ga tambaya ɗaya ce. Muka kai hedikwata a Kaduna. An ajiye ni a wani ɗaki ana yi mini tambayoyi tun safe har la'asar. Jami'in ya sa na yi masa bayanin dalilin ɗaukar na biyar har sau uku. A ƙarshe ya ce ya gane, amma shi gane ba hujja ba ce. Duk da haka sun yi alkawarin ba da beli, kuma Dokta ya samo lauya. Ina fatan kafin wannan ta iso an sake ka.

Za ka tambayi aikin, na sani, don haka bari in faɗa. Na ce zan bar shi, Umma da Dokta suka hana. An cire Birnin Gwari gaba ɗaya. Abin da ya rage shi ne gwada ko fiye da rabin masu hawa jirgi suna jin binciken yana kare su. Lissafi ya nuna haka ne, ba dace ba ne. Jiya na tsaya gaban malamai na faɗi wannan, suka ce aiki ya yi tsabta. Ɗaya ya tambaye ni ko na gamu da wata matsala wajen tattara bayanai. Kafin in amsa, Dokta ya ce a wuce tambaya ta gaba.

Umma ta share ɗakin baya, ta sa sabuwar tabarma. Ta ce da an sake ka ku taho, ba shawara take ba ku ba. Akwai likitan ƙashi a nan. Kawu, ka yafe mini. Ku taho.

'Yarku,
Safiyatu.

Birnin Gwari,
19 ga Disamba.

Zuwa ga 'yata Safiyatu,

Wa alaikumus salam. Ni nake faɗa, Innarki ke rubutawa. Ina gaida Yaya A'isha, ina gaida Dokta, ki ce masa na gode, mutumin kirki ne. Jiki da sauƙi. Hannu ya kama amma yatsu ba sa naɗewa. Idon ya buɗe, sai dai hazo yake gani. Bakoji ya tashi yana dogara sanda.

An sake ni, Bilyaminu ne ya tsaya mini. Na taya ki murnar gamawa, kuma daidai kika yi da ba ki bari ba. Maganar yafiya, babu komai tsakanina da ke. Yarinya ce ke kika rubuta abin da aka koya miki. Kada ki riƙe wannan a ranki, kada kuma ki sa sunana a shafin godiya, ba don fushi ba, don kada wani ya gani ya sake tayar da magana.

Mutum shida daga cikin waɗanda aka kama sun dawo. Alhaji Sadiq bai dawo ba. Sun ce ciwon sukarinsa ya tashi a daji, a can suka binne shi. Da ya dawo, da ya gaya wa mutane cewa tare muka yi dariya ranar. Na yi niyyar zuwa ta'aziyya, Bilyaminu ya ce in ina son raina kada in je.

Takardar jami'arku an karanta ta a tasha. Wasu sun yarda. Wasu sun ce ai masu satar mutane ma suna da 'yan boko. Yawanci ba su ce komai ba. Ranar Juma'a na je masallaci, na shiga sahu. Wanda ke damana ya matsa, wanda ke haguna ya matsa. Liman ya ce a cike sahu, babu wanda ya motsa. Haka na yi salla da fili a kowane gefe. Mai gidan da muke haya kuma ya ce yana son ɗakinsa ƙarshen wata, kuma ban ga laifinsa ba, an jefi rufin sau biyu.

Na gode da ɗakin baya. Amma sharaɗin belina shi ne ba zan fita ƙaramar hukumar nan ba sai an rufe bincike, kuma babu wanda ya san ranar. In na fita, Bilyaminu za a kama. Gari kuma ba zai zaunu ba. Saboda haka zan koma ruga wajen Goggo. Na san abin da za ki ce. Na san mutanen daji suna ratsawa ta can, kuma na san in suka ji na kwana a hannun hukuma za su ce ɗan leƙen asiri ne. Amma can akwai bukka, akwai uwata, kuma tsofaffin nan ba sa matsawa in na zauna kusa da su.

Innarki ce za ta taho. Na yi magana da wani direba, za ta hau motar Asabar. Ki gaya wa Yaya A'isha a tarbe ta a Mando. Ku riƙe ta da kyau, ta sha wuya. Kada ki ƙara aiko takarda ta tasha, babu mai kai ta inda za ni.

Allah ya sa albarka a karatunki.

Kawunki,
Jumare Abubakar.

Safiyatu, wannan ni Karima na ƙara, ya fita alwala bai sani ba. Ba ya iya ɗaura zariyar wandonsa da hannu ɗaya, kuma Goggo ba ta gani sosai. Na riga na ɗaure kayanmu wuri ɗaya. Ki ba Yaya haƙuri, ki ce na gode da tabarma. Kada kowa ya je Mando ranar Asabar.